Farin Kaki a Hannun Baffa

Ban zaɓi alade ba. Wannan nake so a fara sani, domin har gobe akwai 'yan uwan da suke kallona kamar ni na je na roƙa a ba ni shi. A shekarar da zan rubuta aikin kammala digirina na biyu a sashen nazarin jikin dabbobi, malamarmu ce ta tara mu a labo, wato ɗakin bincike, ta raba mana aiki. Wannan ta ba shi hantar ɓera, wancan ƙodar zomo. Da ta zo kaina sai ta ce ƙwaƙwalwar alade. Na ce, "Madam, a Brik fa nake zaune," wato unguwar Hausawa Musulmi ta Yawunde. Ta ce ta sani sarai, ai ba ci ta ce in yi ba.

Ba ma ƙwaƙwalwar duka ba ce. Can a tsakiyarta, a bakin wata 'yar hanya da ruwan ƙwaƙwalwa ke bi ya gangara cikin laka, akwai wani ɗan abu da bai wuce ƙwayar shinkafa ba. A makaranta glande muke ce wa irinsa, domin aikinsa shi ne tsatso wani ruwa mai yauƙi. Ruwan nan idan ya fito sai ya haɗe ya zama siririn zare, ya bi ta cikin laka har can ƙasan baya. Abin da aka ɗora min shi ne in ciro ɗan abin nan, in yanka shi sala-sala, in rina, in sa a ƙarƙashin mikroskof, in faɗi yadda ƙwayoyinsa suke jere da inda ruwan yake taruwa kafin ya fita.

Ni ba mai ɓoye-ɓoye ba ce, ranar da na dawo na gaya wa Baba. Babana tela ne, shagonsa na cikin lungunmu a Brik, tsakanin mai sayar da turare da wani mai kilishi. Yana kan keke na faɗa masa. Ya ɗauke ƙafa daga kan keken, ya dube ni. Washegari ya taka har unguwar Nkomkana wurin wani malami da bai san kowa namu ba, don kada zancen ya zaga. Ya dawo ya ce malam ya ce neman ilimi ne, in sa safar hannu, in wanke abin da ya taɓa ni, ba laifi. Sannan ya kafa min nasa sharuɗɗan: abin nan kada ya shigo gidansa, kada ya shigo shagonsa, kuma ko da wasa kada Baffa ya ji.

Baffa yayan Baba ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ba ya hawa keke, ɗinkin hannu yake yi, aikin babbar riga. Kullum yana bakin ƙofar shago a kan buzunsa, inda haske ya fi. Sunan mahaifiyarsu aka sa min, shi ya sa bai taɓa kiran sunana ba, sai dai "Uwata". Mutum ne mai tsantseni har abin ya yi yawa. Idan ruwan kwata ya fantsar masa a ƙafar wando, sai ya koma gida ya sake. Nama kuwa in ba na mahautan Brik ba, ko kyauta aka ba shi ba ya ci. In muka shiga taksi tare muka bi ta wajen Mokolo, inda masu gashin abin nan suke jere, hannun riga yake sawa ya toshe hanci har sai mun wuce, direba na dariya, shi ko a jikinsa.

A lokacin idonsa ya riga ya soma tafiya. An kai shi asibiti, likita ya ce ciwon ya ci jijiya, abin da ya tafi ba zai dawo ba, saura ma lallaɓawa ne. Sai ya sayi farar shadda mai kyau, ya ce zai yi wa limamin masallacin lungunmu riga ta Babbar Sallah. Tare suka yi karatun allo suna yara. Ya ce, "Daga wannan na ajiye allura. Ina so a ce ta ƙarshen ta fi ta farkon." Tun kafin azumi ya fara. Da can aikin wata guda ne a wurinsa, amma yanzu sai rana ta ɗaga yake iya gani, in hadari ya haɗo kuwa, kuma kun san Yawunde da hadari, sai ya naɗe ya zauna jan carbi. Ya fara da baya, ya bar gaban rigar, wato tambari da linzami da askake, ya ce sai hannu ya gama ɗumi. Duk wanda ya wuce ta lungun sai ya tsaya ya leƙa rigar nan.

Ni kuma ina can ina fama da nawa. Akwai wani abokin karatuna, Kirista, ɗan kudu, mai kirki har ya yi yawa, shi yake zuwa mayanka ya karɓo mana kawunan, shi yake fasa ƙashin. Ni sai an ciro ƙwaƙwalwa an tsoma a formol, ruwan da ke hana nama ruɓewa, nake matsowa. In yanko wurin da nake so, in bi da shi cikin ruwan magunguna kala-kala har ruwan jikinsa ya fita, sannan in zuba masa narkakken parafin. In ya huce sai ya daskare ya zama ɗan dunƙule fari tas, kamar yankan sabulu, ɗan naman na kwance a ciki. Parafin kaki ne, kakin kyandir, shi ke riƙe naman don wuƙar inji ta iya yanka shi siriri. Kowane dunƙule ina manna masa 'yar takarda da lamba, in jera a kwali.

Kullum da tsoro nake komawa gida. In wanke hannu a labo, in sake wankewa a famfon bakin titi, in na shiga taksi in riƙa sansanar mayafina. In muka iso Brik hayaƙin tsire ya buge ni, sai in ga kamar duk mahautan nan sun san inda na fito. Ba wanda ya sani. Amma mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Ana saura 'yan makonni Sallah zazzaɓi ya kayar da ni, irin wanda ko ruwa ba ya zama a ciki. Wayata ta mutu ban ma san inda take ba. Ashe a makon nan aka ce za a yi feshin ɓeraye a labo, kowa ya kwashe kayansa, domin ɓera na son parafin, in ya samu gaigaye shi yake. Abokin karatun nan nawa ya neme ni bai samu ba. Don kada aikina ya salwanta, bawan Allah ya ɗauki kwalina ya shiga taksi, ya yi ta tambaya har aka nuna masa shagon Baba. Baba ya tafi kasuwa sayen zare, Baffa ya tarar. Ya miƙa masa, ya ce kayan makarantata ne, kaki ne, kada a bar shi a rana. Ya tafi yana jin ya yi aikin lada.

Ranar da na fara jin ƙarfin ƙafata, da hantsi, na lallaɓa shago in gaishe su. Baba na ciki yana yanka yadi. Baffa na kan buzunsa, rigar na shimfiɗe a cinyarsa. Na durƙusa na gaishe shi, ya ce, "Uwata, an tashi? Sauro ya raina ki, ke da kike karatun dabbobi." Ina dariya sai na ga ya warware zare, ya ɗauki wani farin abu a gefen gwiwarsa, ya danne zaren a kai da babban yatsa, ya ja, fiii. Ya sake ja. Dama haka yake yi, yana goga wa zare kaki don kada ya cukurkuɗe ko ya yi gashi. Amma kakinsa na zuma ne da ake kawo masa daga arewa, rawaya. Wannan fari ne, mai kusurwa huɗu. Da ya ajiye shi sai na ga 'yar takarda a gefensa, da rubutun hannuna.

Wallahi ji na yi kamar an zare min laka. Ina kallo ya kai bakin zaren bakinsa, ya tsotse shi ya yi tsini, ya ɗaga allura saitin haske yana laluben kafarta.

Na ce, "Baffa, ina kuka samo wannan?"

Ya ce, "A kwalinki mana. Wani yaro ya kawo kina kwance, na tura shi ƙarƙashin tebur. Kayan 'ya ai na uba ne, na ɗauki ɗaya. Ke kuwa kina da irin wannan kaki kika bar ni da na zuma yana ɓata min farin zare? Dubi yadda aikin ya fito, kamar madara. Akwai ɗan datti a cikinsa, amma bai hana komai ba."

Ɗan dattin nan shi ne aikina. Na waiga cikin shago, Baba ya juya baya yana auna yadi, bai san wainar da ake toyawa ba. Na dubi gaban rigar. Tambarin ya kammala, linzami ya kai rabi. Ban taɓa ganin aikin Baffa ya yi kyau haka ba.

Abu ɗaya ya rage min in rataya rai a kai. Naman ba ya cika dunƙulen, a gefe ɗaya yake kwanciya. In ta ɗaya gefen yake jan zaren, to kaki zalla ya taɓa, kaki kuwa ba ruwansa. Na miƙa hannu na ɗauke abin, na ce na makaranta ne, za a tambaye ni, zan kawo masa wani sabo fil wanda ba datti. Ya ce, "Rowa, Uwata? Mai sunanki ba ta yi rowa ba." Na yi yaƙe. Na tsinci wani guntun zare da ya yanke ya yar a kan buzu, na ƙulle a bakin mayafi, na jawo kwalin daga ƙarƙashin tebur. Na ce masa ya huta yau, ga hadari na haɗowa. Ya ɗaga kai ya ce shi bai ga hadari ba. Gaskiyarsa, rana ce tarwai.

Ban koma gida ba. Na tari taksi, kwalin a cinyata. Muka maƙale a cunkoso wajen Messa, an cusa mu kamar buhuna, wata mata a gefena tana ta ba da labarin tsadar rago. Ni kuwa addu'a ɗaya nake maimaitawa: Allah Ka sa ta bayan ya ja, Allah Ka sa ta bayan.

A labo warin maganin ɓera bai gama fita ba, ba kowa sai malamarmu a ofishinta. Na sa dunƙulen a ƙarƙashin gilashin ƙara girma. Zaren ya yi masa tsaga-tsaga ta ko'ina. Yawancinsu a kaki suka tsaya. Amma akwai ɗaya mai zurfi, da alama nan yatsansa ya fi jin daɗin dannawa, ta ratsa ta tsakiyar naman ta fita ta ɗaya gefen.

Duk da haka ban yarda ba. Na ce wataƙila idona ne, wataƙila ta gefensa ta bi. Na ɗaura dunƙulen a inji, na juya hannun, salar ta riƙa fitowa siririya kamar bawon albasa. Na shimfiɗa a ruwan ɗumi, na ɗauka a gilashi, na busar, na narkar da kakin, na rina. Aikin da ke buƙatar natsuwa, ni kuwa garin gaggawa har na fasa gilashi. Guntun zaren ma na yi masa haka, na narkar da kakinsa na rina shi.

Abin haushi, duk watannin da na yi ina yanka, ban taɓa samun abin nan ya fito sarai kamar na ranar ba. Ga ƙwayoyin nan dogaye sirara, a tsaye a jere kamar haƙoran mataji. Cibiyar kowace na can ƙasa ta sha shuɗi, samanta cike da ɗigo-ɗigon ruwan da take tarawa, ja-ja, sun taru a baki suna shirin fita. A samansu ga 'yan gashi, ga yauƙin da ya fito ya fara haɗewa. Duk abin da littafi ya ce in nema ga shi a gabana. Sai dai a tsakiyar jerin akwai giɓi, an share ƙwayoyin wurin sarai, gefe da gefe a yage. Na cire gilashin na sa na zaren. Ga auduga a murɗe, kuma a cikin murɗin, nan da can, ga ɓurɓushi ya sha rini, launi ɗaya da na gilashin farko.

Malamarmu ta fito ta leƙa, ta ce, "Kai, wannan ya yi kyau! Amma me ya yage miki tsakiya, wuƙar ce ta dakushe?" Na ce e. Ta ce in sake wani, ta wuce abinta. Na kifa kai a kan tebur na yi kuka mai isata.

A hanyar dawowa Shaiɗan ya zauna kusa da ni, ba zan ɓoye ba. Abin da sai da mikroskof ake gani, wa zai gani? Duk duniya ni kaɗai na sani. In na yi shiru, Baffa ya gama rigarsa, liman ya sa, kowa ya yaba, tsoho ya ajiye allura da farin ciki. In na yi magana kuwa, na san Baffa. Ba zai bar zaren nan a jikin rigar ba, kuma ba shi da idon da zai sake. Tsoro biyu suka sa ni a tsakiya, ban san wanda ya fi ba.

Bayan la'asar na samu Baba shi kaɗai a zaure, na gaya masa. Ya ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," ya zame ya zauna a dandamali. Na ɗauka zai rufe ni da faɗa, da ma ya yi, da na fi jin sauƙi. Sai ya ce a hankali, "Ido ba ya gani?"

Na ce, "Ba ya gani, Baba."

"Ko kaɗan?"

"Ko kaɗan."

Ya daɗe yana murza hularsa a hannu. Na gane abin da yake aunawa, domin ni ma na auna shi a taksi. Can ya nisa ya ce, "Liman a gabanmu zai tsaya da rigar nan, mu muna bayansa. Ni da na sani, da wace fuska zan ce amin?" Ya share fuska. "Gobe da safe. Ke za ki zo, ni kaɗai ba zan iya da Yaya ba."

Ban taɓa ganin Baba yana tsoron wani ba sai ranar. Da safe muka tarar da Baffa ya riga mu, ya shimfiɗa buzu, ya ɗauko tsohon kakinsa na zuma yana ƙorafin na hana shi mai kyau. Baba ya janyo ƙyauren shago ya rage shi, ya tsuguna. Ya ce, "Yaya, akwai magana." Ya yi gyaran murya, ya fara kewaye-kewaye, ilimin zamani kaza, malamin Nkomkana ya ce kaza. Baffa ya ce, "Kai, faɗi abin da ya kawo ka, rana na tafiya." Baba ya dube ni.

Na durƙusa na faɗa. Na ce kakin nan na labo ne, dattin da ya gani a ciki nama ne, na ƙwaƙwalwa, kuma na faɗi sunan dabbar. Na ce na duba, zaren ya ratsa ta ciki, ya ɗebo.

Na rufe ido ina jiran ihu, ko mari, ko in ji ya faɗi, domin yana da hawan jini. Da na buɗe ido na ga ya cire allurar daga jikin rigar ya soke ta a hularsa. Ya ce, "Miƙo min buta." Na miƙa. Ya fita bakin kwata ya tsuguna, ya kurkure baki ya zubar, ya sake, ya sake, har ruwan ya ƙare. Ya miƙo butar ba tare da ya waigo ba, na ciko, ya ƙarar da ita. Mai turare ya leƙo ya ce lafiya, Baffa ya ɗaga masa hannu kawai.

Da ya dawo ya zauna, ƙaninsa ya fara duba. Ya ce, "Ka sani tun farko, ka ɓoye min." Baba ya sunkuyar da kai. Ni ko kallona bai yi ba, wannan ya fi min zafi.

Baba ya ce, "Yaya, a wanke ta mana. Ruwa ai yana tsarkake abu. In kana so in koma wurin malam in tambaya." Ni ma na yi karambani na ce akwai wani ruwa a labo da ke narkar da parafin, zan iya kawowa, wataƙila ya fitar da shi duka.

Ya ce, "Wataƙila. In miƙa wa mutum riga ya ja mana sallah, in ce masa wataƙila?" Ya shafa gaban rigar da tafin hannu, daga wuya zuwa aljihu. Bai tambaye mu daga ina abin ya fara ba, ya san ranar da aka kawo kwalin, ya san inda allurarsa take a ranar. Gaban ne gaba ɗaya. Ya ce a ba shi reza.

Baba ya ce, "Kawo in farke maka."

Ya ce, "Ni na ɗinka."

Na zauna a gefe ina jin ƙarar, ƙit, ƙit, ƙit. Da yatsa yake laluben ɗinkin, ya sa bakin reza a ƙarƙashi ya ɗaga, ya zare. Bai huda shaddar ko wuri ɗaya ba. Masu wucewa suka fara tsayawa, wani ya ce, "Subhanallahi, Baffa, me ya faru da aiki mai kyau haka?" Duk wanda ya tambaya sai gabana ya faɗi, in ce yau asirina ya tonu, daga nan sai masallaci, daga masallaci sai duk Brik, shagon Baba kuwa sai dai a rufe. Baffa ya ce wa kowa, "Bai yi min ba." Wuni guda ya yi, ya kwana ya ƙarasa. Da ya gama ya tattara zaren da gefen reza ya tura gabana, ya ce, "Kwashe kayanki." Na kwashe a leda na kai labo, na zuba inda muke zuba sauran.

Bayan nan aka kai rigar wanki, aka buga ta, ta dawo gabanta fayau. Sallah ta matso, raguna sun cika lungu, ba a jin komai sai kukansu da ƙarar kekunan ɗinki. Baffa ya sayi sabon zare da sabuwar allura, ya zana tambari da alli, ya zauna. Na kawo masa ruwan shayi na tsaya daga nesa ina kallo. Ya yi kwana biyu a kai, hadari na ta katse shi. A rana ta uku ya kira Baba ya ce, "Duba min, ka gaya min gaskiya." Baba ya duba. Da'irar ta karkace, ɗinkin wani ya hau kan wani, wani wuri kuma allurar ta bar zanen ta shiga fili. Baba ya ce, "Da ɗan gyara." Baffa ya shafa da yatsa, ya yi murmushin da ban so gani ba. Ya farke ɗan abin da ya yi, ya naɗe rigar ya miƙa wa ƙaninsa. Ya ce, "Hau da ita keke."

Shi da ya yi shekaru yana cewa aikin keke aikin malalata ne. Baba ya karɓa da hannu biyu. Kafin la'asar ya gama gaban rigar tsaf, Baffa na zaune a bakin ƙofa, hannuwansa a kan gwiwa.

Tun ranar butar nan bai ce min Uwata ba. In na gaishe shi ya amsa, shi ke nan. Kuma ban san abin da zai faɗa wa liman ba, domin Baffa ba ya ƙarya, ko ta wasa. Da wannan fargabar na shiga Sallah.

Ranar Sallah bayan an sauko idi an yi yanka, muna tsakar gida muna suyar hanta, sai aka yi sallama. Liman ne da mutum biyu, sun zo yi wa Baffa barka da Sallah, yana sanye da rigar. Aka shigar da su ɗakin zaure, aka ce in kai musu nama. Na ɗauko kwano, na iso bakin labule, sai na ji liman yana cewa, "Duk filin idi ba wanda bai tambaye ni ba. Dubi tambarin nan! Na ce musu hannun abokina ne, in ya ajiye allura an gama."

Na tsaya cak.

Baffa ya ce, "Bayan ne nawa. Gaban aikin keke ne, ƙanena ya yi."

Liman ya yi dariya, ya ɗauka wasa ne. Da ya ga ba wanda ya taya shi sai ya ce, "Haba! Ai na wuce na ga ka gama tambarin da hannunka. Me ya faru?"

Baffa ya ce, "Na farke. Da na zo sakewa, ido ya ƙare."

Liman ya ce Allah Ya sa kaffara ne, suka ce amin. Ni kuwa ina bayan labule, kwanon na ƙona min yatsu, na kasa shiga na kasa komawa. Sai na ji muryarsa daga ciki, a gajiye.

"Uwata, shigo da naman nan mana, zai huce."